Idan Mai Labari Ya Ɓoye Rabin Labari

 

Yau zancen littattafan Turawa na zo da shi, kuma na san wani zai ce ina ruwan ɗan mai goro da ƙagaggun labaran Ingila. Mai karatu ya yi mini haƙuri ya biyo ni sannu a hankali, domin zancen zai zagayo ya dawo cikin gidanmu, kuma ina kyautata zaton zai leƙa gidajen da yawa daga cikinmu.

A Sabo ta Shagamu aka haife ni, cikin jihar Ogun. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina tun yana saurayi, kamar yadda ya kawo Hausawa garin nan tun zamanin kakanni. Karatuna na boko a sakandare ya tsaya. Turanci a makaranta na same shi, Yarbanci a kan titi, karatun Hausa kuwa a shagon Baba na koya, daga wasu tsofaffin littattafai da yake ajiyewa a ƙarƙashin benci: Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Bello Kagara. Daga nan ne ƙwayar son karatu ta shige ni, har ta kai idan aka aike ni Legas karɓar kuɗi, sai na ratsa ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi a Yaba kafin na hau motar gida.

Kafin na shiga zancen littattafan, sai na fara ba ku labarin da na tashi da shi, wanda na ji ya fi sau ɗari daga bakin Baba.

Duk wanda ya zauna a Shagamu ya san abin da ya faru a watan Yulin 1999. Rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa lokacin bikin Oro, wanda al'adarsa ta hana mata fita da dare. An rasa rayuka da yawa, an ƙone gidaje da shaguna a Sabo, bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ramuwar gayya a Kano a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ni lokacin ba a haife ni ba, sai bayan shekara biyu. A labarin Baba, shi da ƙanensa, wato Baffana, jarinsu ɗaya. A daren da wuta ta tashi akwai babbar mota da suka riga suka yi wa lodin huhunan goro za ta Kano. Baffa ya haye motar da kayan da jakar kuɗin gaba ɗaya, ya yi Arewa. Baba ya tsaya gadin shago, shagon kuma ya ƙone ƙurmus. Da ƙura ta lafa ya aika a kawo masa lissafi, Baffa bai aiko da ko sisi ba. Baba ya sake farawa daga ɗaukar ƙwarya biyu uku ta goro bashi yana zagayawa da ita a faranti. Kullum da kalma ɗaya yake rufe labarin: ai ɗan'uwa rabin jiki ne, amma wani rabin jikin shanyayye ne.

Fiye da shekara 25 ke nan ba su yi magana ba. Ni kuwa na girma ina ƙin mutumin da ban taɓa gaisawa da shi ba. Idan takalmina ya yage, Baffa ne. Idan aka koro mu kuɗin makaranta, Baffa ne.

To, shekara biyu da suka wuce na sayi wani littafi a Yaba, ba don na san shi ba, sai don ba shi da kauri kuma mai shi ya bar mini da araha. Sunansa The Remains of the Day, wato abin da ya rage na yini. Kazuo Ishiguro ya rubuta shi, mutumin da aka haifa a Nagasaki ta ƙasar Japan a 1954, iyayensa suka kai shi Ingila yana ɗan shekara biyar. Shi ma dai ɗan ci-rani ne irinmu, ya tashi a ƙasar da ba ta iyayensa ba. Littafin ya fito a 1989, ya ci kyautar Booker a shekarar, marubucin kuma ya samu kyautar Nobel ta adabi a 2017.

Da farko littafin ya gundure ni ƙwarai. Wani dattijo ne mai suna Stevens yake ba da labari da bakinsa. Shi ne shugaban barori a wani katafaren gida da ake kira Darlington Hall, irin wanda a gidan sarautarmu za a kira Sarkin Gida. A 1956 sabon maigidansa, wani Ba'amurke, ya ara masa mota, ya kama hanya zuwa yammacin Ingila don ya ga wata mata, Miss Kenton, wadda suka yi aiki tare shekaru da dama da suka wuce. A hanya yana ta bayanin yadda ake goge cokulan azurfa, da abin da ke sa bara ya zama babban bara, da irin girman tsohon maigidansa Lord Darlington. Na yi ta duba ƙamus a waya ina hamma. Sai da na kai wajen wani babban taro da aka yi a gidan a 1923 sannan barci ya gudu daga idona.

A daren ƙarshe na taron, mahaifin Stevens, wanda shi ma bara ne a gidan, yana kwance a wani ɗan ɗaki a saman bene rai a hannun Allah. Stevens yana ƙasa yana zuba wa manyan baƙi abin sha. Aka zo aka gaya masa uban ya cika, ya ce aiki ya yi masa yawa, zai hau daga baya, har sai Miss Kenton ce ta rufe wa mamacin ido. Stevens yana ba mu wannan labarin ne da alfahari, a matsayin daren da ya nuna cikar ƙwarewarsa. Ko sau ɗaya bai ce mana zuciyarsa ta karaya ba. Amma a tsakiyar bayanin, mutanen da yake yi wa hidima suna ta tambayarsa ko lafiya, har maigidan ya ce masa kamar kuka yake yi, shi kuma ya ce gajiyar aiki ce. A nan na ajiye littafin na yi shiru. Ashe mutumin nan hawaye yake yana zuba wa mutane abin sha, kuma da ba don bakin wasu ba da ba za mu taɓa sani ba.

Daga nan sai na koma farko na sake karantawa da wani ido. Sai na ga Lord Darlington da ake ta yabo mutum ne da 'yan Nazi na Jamus suka yi amfani da shi, har jakadansu Ribbentrop yana zuwa gidan. Ya sa an kori wasu 'yan mata biyu masu aiki don kawai Yahudawa ne, kuma Stevens ne ya aiwatar da korar, Miss Kenton tana ja da shi. Na ga cewa a hanya, idan baƙi suka tambaye shi ko ya yi wa Lord Darlington aiki, sai ya musa, sannan ya kawo mana wani dogon dalili. Na kuma ga cewa tafiyar da ya ce ta neman ma'aikaciya ce, tafiyar mutum ce da ya so mace shekara da shekaru bai taɓa yarda ya gaya wa ko da kansa ba.

Da na bincika sai na tarar abin yana da suna a wajen masana adabi. Wani malami Ba'amurke, Wayne Booth, shi ya raɗa masa suna a littafinsa The Rhetoric of Fiction na 1961. Da Hausa sai mu ce mai ba da labarin da ba a dogara da maganarsa. Yadda na fahimce shi, marubuci daban, mai ba da labari daban. Marubucin yana tsaye a bayan mai labarin yana ƙifta wa mai karatu ido, yana ajiye masa alamu nan da can. Mu 'yan goro mun san wannan. Ana iya jera marsa a saman huhu, a ƙasa kuwa minu ne da mai sankara, shi ya sa mai saye da ya san kan abin yake zura hannu har gindi. Abin da ya bambanta Stevens da macucin dillali shi ne, shi da kansa ya ɗaure huhun, kuma ya daɗe yana kallon saman har ya manta abin da ya sa a ƙasa.

Dabarar tsohuwa ce, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga shekarun 1960, sai marubuta da yawa suka mayar da ita ainihin abin da suke rubutu a kansa. Irin wannan adabi shi ake kira fosmodan, wato na bayan-zamani. Mutanen nan sun ga yadda gwamnatoci da jaridu da gidajen rediyo suka tsara labarai masu daɗin ji har aka hallaka miliyoyin mutane a kansu, don haka suka daina yarda cewa baki ɗaya zai iya faɗin duk abin da ya faru. Maimakon su ba ka labari a ɗaure ka karɓa, sai su bar maka aikin kwancewa da tantancewa.

Wani zai ce ai mu ma muna da irinsu, kuma da gaskiyarsa. Gandoki, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya, tsohon mayaƙi ne yake ba da labarin kansa, ya faro daga yaƙi da Turawa ya zarce har ƙasashen aljanu. Aku na Magana Jari Ce ma ba don Allah yake zuba labari ba, so yake ya riƙe ɗan sarki kada ya fita. Sai dai cika bakin Gandoki a fili yake, yaro ma ya san inda tarihi ya ƙare tatsuniya ta fara, kuma daɗin abin ke nan. Na Stevens ya fi haɗari, domin babu aljani ko ɗaya a cikinsa. Kusan duk abin da ya faɗa ya faru. Abin da ya tsallake ne matsalar.

Littafi na biyu da ya ƙara buɗe mini ido shi ne Life of Pi na Yann Martel, ɗan ƙasar Kanada, wanda ya fito a 2001. Fim ɗinsa na 2012 na fara gani, saboda Irrfan Khan da Tabu suna ciki, kun dai san mu da 'yan Indiya. Wani yaro ne daga Pondicherry, jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa da dabbobin gidan namun dajinsu ya nutse a tekun Fasifik. Ya yi kwana 227 a ƙaramin kwalekwale. A labarinsa, da shi da jakin dawa da kura da wata babbar biranya da damisa suka tsira. Kura ta kashe jakin da biranyar, damisa ta kashe kurar, suka rage shi da damisa har suka kai gaɓar Meziko. Da jami'an Japan masu bincike suka ƙi yarda, sai ya ba su labari na biyu wanda babu dabba ko ɗaya: akwai wani matuƙin jirgi mai karyayyar ƙafa, da mugun kuku, da mahaifiyar yaron, da shi kansa. Duk abin da dabbobin suka yi wa juna, mutanen nan ne suka yi shi, damisar kuwa yaron ne. Sannan ya tambaye su wanne suka fi so a cikin biyun, tunda babu wanda za a iya tabbatarwa. Suka zaɓi mai dabbobi. Abin da na ɗauka a nan shi ne, wani lokaci mutum yana sauya labari ne saboda na ainihin ya fi ƙarfin ƙirjinsa.

Duk wannan karatu ne kawai a wajena, abin hira da abokai, har bara da na je Kano bikin ɗiyar Gwaggona. Da dare bayan mutane sun watse muna zaune a tsakar gida, sai zancen Baffa ya taso, ni kuma na zuba mata labarin Baba kamar yadda na haddace shi, har da karin maganar ƙarshe. Ta bar ni na gama tsaf. Sunan kakanmu gare ni, don haka Babana take kirana. Ta ce, “Babana, a cikin labarin nan da ubanka yake ba ku, ina uwarka take a daren?”

Wallahi mai karatu, na buɗe baki na rasa abin cewa. Sau ɗari na ji labarin, ban taɓa lura cewa babu Umma a cikinsa ba. Babu kakata, wadda na san a shekarar ta rasu. Mota ce kawai da goro da jakar kuɗi da Baffa.

Ga abin da Gwaggo ta ce. A daren Umma tana da cikin Yayata wata bakwai. Kakarmu tana Shagamu, ta zo jinya. Wata Bayarabiya da suke sayen goro a wajenta ce ta ɓoye su a ɗakinta har aka samu hanya. Baba da hannunsa ya ɗora su a motar, da matan maƙwabta da 'ya'yansu, sai da aka sauke huhuna da dama aka zubar don a sama musu wuri. Shi ya miƙa wa Baffa jakar, ya ce ya kula da su. Motar ta lalace a hanya, suka yi kwanaki, goron da ba a buɗe an sauya masa ganye an yayyafa ruwa ba ya yi zafi ya ɓaci. Suka isa Kano ita ma tana cikin nata tashin hankalin, aka sayar da abin da ya rage a wulaƙance. Wata biyar Baffa yana ciyar da su. A cikin watannin aka yi wa Umma aiki aka ciro Yaya, ciwon kakarmu ya tsananta, ta rasu a hannun Baffa, shi ya sa ta a kabari. Baba bai zo ba. Saƙonsa na farko da ya iso bayan rasuwar, na neman lissafi ne. Baffa ya fusata ya ce a gaya masa ya je maƙabarta ya karɓi lissafinsa.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa to ga gaskiya ta fito. Ni ma da farko haka na ce, amma Ishiguro ya riga ya ɓata ni, sai na zura hannu a gindin huhun Gwaggo ita ma. Ɗakin da take ciki Baffa ne ya gina mata. Kuma ba ta ce komai ba game da rumfar da Baffa ya buɗe a kasuwa kafin shekara ta zagayo, abin da na ji daga bakin wani ɗanta. Da wane kuɗi ya buɗe? Wataƙila bashi ya ci, wataƙila wani abu ya rage a jakar. Ita dai ta tsallake wajen kamar yadda Baba yake tsallake nasa.

Da na dawo Shagamu na ga tsohon littafin lissafin Baba. A nan da farko na rubuta cewa na ci karo da shi ne ina share-share, sai na goge, domin ba haka aka yi ba. Mabuɗin akwatinsa na ɗauka yana masallaci, kuma har yau bai sani ba. Da ajami yake rubutu. Na ga cewa watanni kafin rikicin ya ba wani mutum kaya masu yawa bashi, mutumin ya ɓace, ta yadda abin da ke cikin jakar nan fiye da rabi na Baffa ne. Amma shafin ƙarshe ne ya sa hannuna rawa. Sunaye ne a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, yadda ake jera kaya idan an yi lodi. Sunan mahaifiyarsa a sama, na Umma yana biye, har da jariran maƙwabta. A ƙasa ya ja layi ya rubuta jimla: 11. Bafatake ba ya sallamar mota bai ƙirga abin da ya ɗora ba. Bayan wannan shafin bai sake rubuta komai a littafin ba.

Ashe bai manta ba. Na zauna a bakin gadonsa ina tuna Stevens yana zuba wa baƙi abin sha, ubansa yana cikawa a sama, wata ce ta rufe masa ido. Baba yana gadin tokar shago a Shagamu, uwarsa tana cikawa a Kano, ƙanensa ne ya binne ta. Abin da ya hana shi tafiya a watannin nan, ko kunyar zuwa hannu rabbana ce, ko tsoron kada a ƙwace filin shagon, shi kaɗai ya sani. Amma na gane cewa duk ranar da ya sa Umma da kakarmu a cikin motar nan a labarinsa, dole ya amsa tambayar ina shi yake lokacin da uwarsa take neman sa. Fushi da Baffa ya fi wannan sauƙin ɗauka. Shekara 25 yana ba da labarin mota mai goro zalla, kamar yadda yaron nan ya ba da labarin kwalekwale mai dabbobi.

Ba zan tsaya a kan Baba ba, domin idan na yi haka na zama Stevens ni ma. Duk wanda ya tambaye ni dalilin da ban wuce sakandare ba, amsata a shirye take: wani baffanmu ne ya cinye dukiyar gidanmu. Gaskiyar ita ce sau biyu ina faɗuwa lissafi a jarrabawar fita, Baba ya ce zai sake biya a karo na uku, ni na ce na gaji. Baffa bai san ma an yi ba. Haka nan idan ina cikin abokaina Yarbawa, Arewar da nake ba su labari babu yunwa babu bara, kowa mai amana ne. Idan na je Kano 'yan'uwa suka fara tsokanata da ɗan Kurmi, sai na mayar musu da Shagamu wata aljannar duniya. Mu da muka tashi tsakanin gida biyu, kusan kowanenmu yana da huhu biyu, ɗaya na nunawa a nan, ɗaya na nunawa a can. Ko labarin 1999 ɗin kansa, yadda ake ba da shi a Sabo ba kasafai ake jin Bayarabiyar da ta ɓoye matan Hausawa ba, yadda abokaina suka ji shi a gidajensu kuma ba kasafai ake jin wanda ya kunna wa shagunanmu wuta ba.

Akwai littafi na uku da ya hana ni yin shiru, Atonement na Ian McEwan, shi ma na 2001. Wata yarinya ce 'yar shekara 13 mai suna Briony ta yi shaidar abin da ba ta gani da kyau ba a 1935, aka ɗaure saurayin yayarta a kan laifin da bai yi ba. Can gaba muna karanta yadda ta girma ta je ta same su su biyun suna tare, ta yi alkawarin gyara ɓarnar da ta yi. Sai a ƙarshe, tana tsohuwa a 1999, ta gaya mana cewa ita ta rubuta duk abin da muka karanta, kuma wannan haɗuwar ba a taɓa yin ta ba. Saurayin da yayar duk sun mutu a 1940, cikin yaƙi. A takarda kawai ta iya haɗa su. Da na rufe littafin sai na lissafa shekarun Baba da na Baffa, na ga idan aka ƙara jinkiri, ni ma a takarda kawai zan haɗa su.

Saboda haka wani dare bayan isha'i, baƙo ya tafi, Baba ya gama ba shi labarin nan kamar kullum, muka rage mu biyu a kan benci. Na ce, “Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ina da tambaya idan ba za ka ga rashin kunyata ba.” Ya ce ina ji. Na ce, “A daren nan, su Umma a ina suke?”

Ya daɗe bai ce komai ba. Ya ciro daushe daga aljihu ya ɓare, bai ci ba, ya riƙe a hannu. Can ya ce, “Gwaggonka ce ko?” Na ce ita ce. Ya ce, “Mutum 11 ne. Ni na ƙirga su.” Na jira ya ci gaba, sai ya ce dare ya yi, na je na kwanta.

Bayan kamar mako uku, muna tsince goro da safe muna ware mai sankara, bai ko ɗago kai ba ya ce, “Abba, da ka je Kano ka gan shi?” Na ce na hango shi a wajen ɗaurin aure, yana dogara sanda. Ya ce, “Sanda? Shi da yake ƙanena.” Ya ci gaba da tsintar goronsa.

Iyakar inda muke ke nan. Ba su yi waya ba, ba zan ce muku sun yi ba. Lambar Baffa tana cikin wayata, Baba kuma ya san tana nan, domin na faɗa a gabansa da gangan. Abu ɗaya dai na lura da shi: kwanan baya wani baƙo ya taɓo zancen 1999, Baba ya ba da labarin wutar da shagon, da ya zo kan motar sai ya ce an kwashe iyali an yi Arewa da su, ya tsaya a nan. Karin maganar rabin jiki bai fito ba.

'Yan'uwa, kusan kowane gida a zangon Hausawa na Kurmi yana da irin wannan labarin: dalilin da ya sa aka baro gida, wanda ya ci amanar wani, gonar da aka sayar ba da sanin wane ba. Ba ina cewa mu je mu ƙaryata iyayenmu ba, Allah ya kiyaye, mafi yawansu abin da suka faɗa ya faru. Shawarata ita ce idan an sake ba ka labarin da ka haddace, ka saurara ka ji wa ya kamata a ce yana ciki amma babu shi, sannan ka tambaya cikin ladabi tun masu amsawa suna da rai. Wannan da kuka karanta ma daga bakina kaɗai kuka ji shi, Baffa bai ce nasa ba tukuna. Ina da niyyar zuwa Kano bayan sallah na zauna a gabansa na ji, idan Allah ya kai mu.

Allah ya haɗa kan zumuncinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.